Tsuntsu a kan waya

Ka gyara zama, zan ba ka labarin wata tambaya da ta tsai da ni cik a gaban allo, da abin da ya biyo bayanta.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Yamai. Ajinmu yana unguwar Bukoki, cikin wata rumfar kwano. Muna shiga bayan sallar isha'i, mu tashi in dare ya fara yi. Ɗalibaina duk manya ne. Akwai masu gadi, da ƴan garuwa, da mata masu sai da ƙanƙara. Yawancinsu mutanen karkara ne kamarka, ƴan ci-rani daga Dogon Dutsi, da Ƙonni, da Madawa.

A shekarar 2023 wutar lantarki ta yi wuya a Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli, Nijeriya ta tsai da wutar da take sayar mana, ba ta maido ta ba sai cikin watan Maris na 2024. A waɗannan watanni mun yi karatu da tocila da fitilar hasken rana. Kowa bakinsa maganar wuta: an ɗauke, an kawo, an sāke ɗaukewa.

Wani dare cikin watan Nuwamba, wani dattijo ya ɗaga hannu. Mai gadi ne, ya ba shekara 50 baya, duk aji Baba muke ce masa. Ya fito da littafin rubutun ƴarsa daga aljihu. Yarinyar tana kwaleji, a ajin da ake yin jarrabawar BEPC. Darasin da ke ba ta wahala shi ne wanda suke kira fizik da shimi.

Baba ya ce, "Malam, yarinyar nan kullum tana hadda da Faransanci. Na tambaye ta abu guda, ta kasa ba ni amsa, har ta yi kuka. Shi ne na kawo maka. Me ya sa tsuntsu ke sauka kan wayar wuta ya tashi lafiya, amma mutum in ya taɓa sai ya mutu?"

Aji ya yi tsit, ana jirana. Na buɗe littafin. Na ga haruffan da na sani tun ina makarantar horon malamai: U = R × I. Ni ma na haddace su a da, na ci jarrabawa da su. Amma in ba dattijon nan amsa da Hausa, sai na ji bakina ya yi nauyi. Zuciyata ta ce in faɗi wata kalma ta Faransanci mai tsawo, in wuce. Ba wanda zai gane. Na dubi Baba, na ga yadda ya riƙe littafin nan da hannu biyu. Sai na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri. Ka ba ni kwana 7."

Cikin kwanakin nan na kakkaɓe tsofaffin littattafaina. Na je kasuwar Katako wurin wani mai gyaran rediyo, na zauna kan bencinsa yini guda. Na kuma je gidan wani abokina mai koyar da fizik. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Da ranar ta zo, na ce wa Baba ya taho da ƴarsa. To, ga abin da muka yi, ka bi mu sannu-sannu.

Da farko na ce kowa ya kwance tocilarsa. Ka kwance taka kai ma. Dubi pil ɗin da ke ciki. A kai ɗaya akwai alamar tarawa (+), a ɗayan alamar ɗebewa (−). A jikinsa an rubuta 1,5 V. Wato bolt ɗaya da rabi. Ka ga amfanin karatu ke nan: abin nan ya daɗe a hannunka, yau ka karanta shi.

Na tambayi Baba, "In tocilarka ta ƙi kamawa, kuma pil sabo ne, me kake yi?"

Ya ce, "Sai in kankare tsatsar da ke gindi, ko in ja ɗan ƙarfen nan ya taɓa pil."

Na ce, "To, Baba, ai ka san darasin farko na littafin ƴarka."

Wutar lantarki tafiya ce. Cikin waya akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, ana kiransu elektaron. In suna tafiya cikin waya, shi ne muke cewa akwai wuta. Amma ba sa tafiya sai hanya ta zagayo. Su fita daga pil, su ratsa ampul, su komo pil ta ɗaya kan. In hanya ta yanke ko da wuri ɗaya ne, tafiya ta tsaya. Tsatsa tana yanke hanya. Makunni ma aikinsa ke nan: ya haɗa hanya, ya raba hanya.

Yarinyar ta leƙa littafinta, ta ga zanen da ta kwafa wata guda da ya wuce. Ta ce, "Baba, ashe zanen tocilarka ne!" Baba bai ce kome ba, amma na ga ya gyara zaman hularsa.

Daga nan muka shiga haruffan nan uku. Na ce su tuna da tankin ruwa na bisa, wanda muke kira shato. In tanki yana da tsawo, ruwa yana fitowa da ƙarfi. Wannan ƙarfin turi, a wajen wuta, shi ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa cikin bututu kuwa, shi ne kamar ampa. In bututu ya yi ƙunci, ko ƙasa ta toshe shi, ruwa kaɗan zai wuce. Wannan ita ce tirjiya. Abin da haruffan ke faɗi ke nan: in turi ya ƙaru, wutar da ke wucewa ta ƙaru. In tirjiya ta ƙaru, wutar ta ragu.

Wasu abubuwa tirjiyarsu kaɗan ce, wuta tana bin su a guje: jan ƙarfe, da sanholo, da sauran ƙarafa. Wasu kuma ba sa ba ta hanya: busasshen itace, da roba, da gilashi. Shi ya sa waya cikinta jan ƙarfe, bayanta roba.

Yanzu sai tsuntsu. Ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya. Bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa wata waya ba. Wuta ba ta da inda za ta je in ta shiga jikinsa, sai ta bi wayarta ta wuce. Mutum fa? Hannunsa a kan waya, ƙafarsa a ƙasa. Ƙasa kuwa hanya ce ta komawar wuta. Mutum ya zama gada ke nan tsakanin waya da ƙasa, wuta ta ratsa ƙirjinsa. Ko tsuntsun ma, in babba ne, ya buɗe fiffike ya taɓa waya biyu lokaci ɗaya, sai a tsince shi a ƙasa.

Baba ya yi shiru. Can ya ce, "Wato ba wani asiri gare shi ba." Aji ya tuntsire da dariya.

Wutar gida a ƙasarmu bolt 220 ce. Mun yi lissafi a allo: sai ka jera pil kusan 147, kai da gindi, kafin ka sami wannan ƙarfi. Kuma ba sai wuta mai yawa ta shiga mutum ba. Abin da bai kai kashi 1 cikin 10 na ampa guda ba yana iya tsai da zuciya.

Mako na gaba muka taɓa shimi, wato ilimin sinadarai. Wata ɗalibata, mai sai da ƙanƙara, wadda muke ce wa Inna, ita ta kawo tambaya. Ta ce, "Malam, wa ya zuba wuta cikin pil?"

Mai gyaran rediyon nan ya ba ni wani mataccen pil da ya tsaga. Na nuna musu cikinsa. Kwanon waje na tutiya ne. A tsakiya akwai baƙin sanda na gawayi. Tsakaninsu akwai wani baƙin ƙulli mai danshi. Sinadarin da ke cikin ƙullin yana cin tutiya sannu a hankali, wannan cin shi ke tura ƙwayoyin nan cikin waya. In abin ci ya ƙare, pil ya mutu. Shi ya sa tsohon pil ke hujewa, ya yi ruwa, ya ɓata rediyo. In ba ka aiki da rediyo, cire masa pil.

Don su gani da idonsu, na kawo lemun tsami 4. Kowane na soka masa ƙusa mai rufin tutiya da guntun jan ƙarfe, muka haɗa su a jere da waya. Muka ɗaura ɗan ƙaramin ampul irin na tocilar zamani. Aka kashe fitilu. Sai ga ɗan haske, kamar na makyallu. Wani ɗan garuwa ya ce, "La ilaha illallahu, wuta a lemo!" Gani ya kori ji. Da irin wannan dabara wani Bature ɗan Italiya mai suna Volta ya ƙera pil na farko a shekarar 1800, da faya-fayan ƙarfe iri biyu da ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan gishiri. Daga sunansa aka sami kalmar bolt.

Sa'an nan muka yi gwajin da ya fi kowane amfani. Muka yanke hanyar wayar, muka tsoma bakin biyu cikin kofin ruwa, da pil 3 a jere. Ampul ya ɗan yi ja kaɗan. Inna ta barbaɗa gishiri ta motsa. Nan da nan haske ya ƙaru. Ruwa yana ba wuta hanya, ruwan gishiri ya fi. Jikin mutum kuwa ruwa ne da gishiri. Lasa zufarka ka ji. Busasshiyar fata tana da ƴar tirjiya, amma in ta jiƙe, tirjiyar ta faɗi. Don haka jiƙaƙƙen hannu da jiƙaƙƙiyar ƙasa su ne abokan haɗari. Ina gargaɗinka: wannan gwaji da pil kaɗai ake yinsa. Kada ka kuskura ka gwada da wutar bango.

Babban batir na mota, irin wanda ake haɗawa da farantin hasken rana a ƙauyuka, shi ma shimi ne. Bolt 12 gare shi, ɗaki 6, kowane ɗaki bolt 2. Cikinsa darma ce da ruwa mai ƙuna. Ruwan nan yana cin tufafi, yana makantarwa. In ana cika batir, yana fitar da wata iska mai kama wuta, saboda haka kada a kusance shi da taba ko ashana. Darma kuma guba ce, ta fi cutar da yara. Mataccen batir ba abin wasan yara ba ne, kuma ba a narka darmarsa kusa da inda ake girki.

Da yake lokacin ɗauke wuta ne, sai aka tambaye ni daga ina take zuwa. Na ce su tuna da kogin da ke ratsa Yamai, wanda ke bi ta ƙarƙashin gadar Kennedy. Ruwan nan yana gangarawa Gaya, ya shiga Nijeriya, ya isa Kainji. A can aka gama babbar madatsar ruwa a 1968. Ruwa yana faɗowa da ƙarfi, ya juya manyan injuna, injuna su tura wuta cikin waya. Tun 1976 akwai layin waya da ya taso daga Birnin Kebbi, ya bi ta Doso, ya iso Yamai. Ƙarfinsa bolt 132.000, wato ninki 600 na wutar gida. Sai an rage ƙarfin mataki-mataki kafin kamfanin Nijelek, wanda aka kafa a 1968, ya raba wa gidaje.

Baba ya ce, "Wato ruwan da ya wuce mu da rana, shi ke komo mana da dare a cikin waya." Ban taɓa jin wanda ya faɗe ta da kyau haka ba.

Muna da namu wuraren kuma. A Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, gawayin ƙasa ake ƙonawa a sami wuta. A Goru Banda, bakin Yamai, an buɗe tashar injuna masu shan mai a 2017, aka ƙara ta hasken rana a 2023. Malbaza ta sami tata tashar hasken rana a 2018.

In ana maganar hasken rana a Nijar, dole a tuna da Abdu Mumuni Joffo. An haife shi a Tasawa a 1929. Babban masanin fizik ne. Daga 1969 ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana a Yamai, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Da na ba aji labarinsa, wani mutumin Tasawa ya miƙe tsaye don murna.

Darasin da ya fi taɓa aljihu shi ne na wat. Dubi jikin ampul, za ka ga lamba da harafin W. Wannan yana nuna yawan cinsa. Tsohon ampul mai zare, na wat 60, in ya kwana 30 yana ci awa 5 kowane dare, lissafinsa ga shi: 60 sau 5, 300. 300 sau 30, 9.000. Wato awo 9 a takardar kuɗin wuta, don kowane 1.000 awo guda ne. Ampul na zamani, mai wat 10, haskensa ya kai na wancan, amma awo ɗaya da rabi zai ci. Kai da ke ƙauye da farantin hasken rana, ga abin da wannan ke nufi: batirin da zai riƙe tsohon ampul guda zai riƙe sababbi 6. In ka je kasuwa, karanta lambar da kanka kafin ka biya.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Damanar 2024 an yi ruwa mai yawa a Yamai. Wata ranar Asabar Inna ba ta zo aji ba. Ranar Litinin ta zo, ta zauna, ta ce, "Malam, kafin a fara, ina da magana."

Ruwa ya shiga zauren da take ajiye firjin ƙanƙara. Ashe ɓera ya ci robar wayar daga baya, ba wanda ya gani. Jikanta, yaro ɗan shekara 6, ya shiga ba takalmi, ya dafa jikin firjin. Sai ya ƙage a wurin, ko kuka ya kasa. Wuta tana ɗaure naman hannu, mutum ya kasa saki.

Inna ta ce, "Na zabura zan rungumo shi. Hannuna ya kusa kai gare shi, sai na tuna da kofin gishirin nan. Na ce in na taɓa shi, mu biyu za a ɗauka."

Ta tsaya a kan dokin ƙofa, inda ruwa bai kai ba. Taɓaryarta tana jingine a cikin ɗaki, busasshiya. Ta ɗauko ta, ta doke wayar daga bango. Yaro ya faɗi. Aka ɗauke shi sai gidan likita. Tafin hannunsa ya ƙone, amma yana nan da ransa. Yanzu har ya shiga makaranta.

Da ta gama, ba wanda ya iya magana. Ni kaina sai da na juya na fuskanci allo. Na tuna daren da na so in rufe bakin Baba da kalmar Faransanci. Da na yi haka, da ba a yi gwajin gishiri ba. Allah ne mai tsarewa, amma ya kan sa sanadi.

Saboda haka ka riƙe waɗannan, ka kuma karanta wa mutanen gidanka. Ke ma uwargida, maganar taki ce. In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A fara kashe wutar daga tushe, ko a zare waya. In ba hali, a tsaya a busasshen wuri, a raba shi da ita da busasshen itace. In ya kuɓuta, a kai shi gidan likita ko da ya ce lafiyarsa lau, don zuciya tana iya rikicewa daga baya. Amma in babbar wayar kan hanya ce ta faɗi, ko da sanda kada a kusance ta. A yi nesa, a kori yara da dabbobi, a sanar da hukuma. A birni lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Kada a shanya tufafi a kan wayar wuta. Wayar da robarta ta ɓare a sāke ta, kada a naɗe ta da leda. Rigakafi ya fi magani.

Ƴar Baba ta ci jarrabawarta a wannan shekara. Ta gaya mini cewa da ta ga tambayar wuta a takarda, tocilar babanta ta tuna. Baba kuwa har yanzu yana aji. Rubutunsa yana karkacewa, amma ba mai sayar masa da ampul bai karanta lambar ba.

Kai ma wata rana ɗanka zai zo da littafi, ya yi maka tambaya. Kada ka kore shi, kada kuma ka ce wannan aikin ƴan boko ne. Ka ce ya fassara maka abin da aka rubuta da Hausa. In ya kasa, to shi ma bai gane ba tukuna. Ku ɗauko tocila ku kwance tare. Shi yana da sunayen abubuwa, kai kana da aikinsu a hannu. In abin ya fi ƙarfinku, ku kai wa malamin ajinku. In malam ya ce a ba shi kwana 7, a ba shi. Gemu ba ya hana ilimi, alli ma ba ya hana tambaya.

Allah ya tsare mu, ya ƙara mana sani mai amfani. Sai mun sāke saduwa.